Tukwane Masu Jan Ƙyalle

Da aka yi hutu, jami'a ta watse kamar kasuwa bayan magariba. Masu sayar da abinci sun rufe, motocin ɗalibai sun daina shigowa, har kuliyoyin ɗakin kwana sun fara ramewa. Dakta ce kawai ta rage a benensu. Ba ta zama dakta ba tukuna, saura mata shekara guda ta gama digiri na uku, amma tun ranar da aka ɗauke ta 'yan gidansu suka laƙaba mata sunan, ita kuwa ba ta taɓa hana su ba.

Wake ne ya hana ta tafiya gida. Tukwane sittin ta jera a ɗakin gilashi na bayan tsangayarsu. Talatin masu shuɗin ƙyalle ana ba su ruwa kullum. Talatin masu jan ƙyalle kuwa an yanke musu ruwa da gangan har kwana ashirin da ɗaya, don a gano irin da ya fi jure fari. Kowace safiya sai ta ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya ta rubuta nauyinsu. Wata huɗu ta yi tana rainon wannan wake, kuma babin ƙarshe na kundinta a kansa ya rataya.

A rana ta goma sha bakwai da yanke ruwan, mahaifinta ya iso birnin don ganin likitan ido. Mai lambu ne, shekara arba'in yana noman rani a bakin rafi, yanzu yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Ya sauka wajen ƙaninsa, ita za ta kai shi asibiti da sha biyu. Tunda awo ba ya jira, sai ta ɗauko shi da safe suka fara biyawa ta jami'a.

A cikin bas ya matso kusa da ita.

"Uwata, wai ni kam mene ne aikin nan naki? Kullum mutane na tambayata, sai in ce karatu."

Uwata yake ce mata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta dubi takalminsa na roba da tsohuwar jakar da ya rungume a ƙirji, ta dubi mutanen da ke kusa da su.

"Abin na da wuyar bayani, Baba. Ba za ka gane ba."

"To," ya ce. Ya mai da fuskarsa taga.

Suna shiga harabar tsangaya ta hango motar Farfesa, malamin da ke duba aikinta, a gindin bishiya. Mutumin da aka ce ya yi tafiya! Ba wani laifi ta yi ba, amma sai ta ja hannun tsohon suka bi ta bayan gini, hanyar da masu shara ke bi. Ta zaunar da shi a benci cikin ɗakin gilashi.

"Zauna nan, Baba, ina zuwa yanzu."

Ta tafi karɓo mabuɗin akwatin sikeli, ta leƙa ta gai da Farfesa. Shi kuwa ya samu mai saurare a lokacin hutu, ya buɗe bakinsa bai rufe ba. Ya tambaye ta mutanen gida, ta ce duk suna lafiya. Ba ta ce ga babanta can a bayan gini ba. Sai da ta shafe minti arba'in kafin ta fito.

Tun daga ƙofa ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsohon ya naɗe hannun riga, ya cire takalmi, butar ban-ruwa na hannunsa. Ruwa na ɗiga daga ƙasan tukwane masu jan ƙyalle, layi bayan layi. Har ƙasar ya sassauta musu da yatsa, ya tsince busassun ganye ya tara a gefe ɗaya. Ya juyo yana murmushi.

"Yaran nan naku ba su da imani, Uwata. Sun shayar da rabi sun bar rabi na mutuwa. Allah ya sa na zo."

Abin da ya fito daga bakinta, ita kanta ba ta san tana da shi ba.

"Wa ya sa ka? Baba, wa ya aike ka? Cewa na yi ka zauna! Nan ba lambunka ba ne! Wata huɗu ka kashe min, wata huɗu!"

Ɗakin gilashi ba ya ɓoye murya. Mai kula da ɗakin, dattijo sa'an babanta, yana tsaye a bakin ƙofa da tiyo a kafaɗa. Ya dubi ƙasa, ya juya ya tafi abinsa. Baban ya ajiye butar a hankali, ya warware hannun rigarsa, ya sa takalmi.

A asibiti aka ɗiga masa magani a ido, aka ce su jira ya kama. Suka zauna a dogon benci, ya rufe idanu, ruwan maganin na gangarowa gefen hancinsa. Fushin ya sauka ya bar ta da kunya tsagwaronta. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mata murya ba tun tana yarinya, yau ga shi ta yi masa tsawa a gaban baƙo, kamar wani ɗan aikinta. Ta rasa ta inda za ta fara ba shi haƙuri, sai ta fara da wake. Ta ce da gangan aka hana su ruwa, ana so a ga wanda zai fi daɗewa bai yi yaushi ba, don a ba manoma irinsa.

"Au, horo kike musu," ya ce, idonsa a rufe. "Ai mu ma muna yi wa tumatir kafin dashe. A ɗauke masa ruwa kwana kaɗan, mai ƙarfi ya nuna kansa. Da kin faɗa min haka a mota, wallahi ko kallon butar ba zan yi ba."

Numfashi biyu bayanin ya ci. Ta ji kamar ta nutse cikin bencin.

"Amma huɗu ban ba su ba," ya ci gaba. "Na layin ƙarshe, wajen ƙofa. Na taɓa ganyensu na ji ba sa jin ƙishi. Waɗannan ki riƙe irinsu da kyau."

Ta buɗe littafin awonta a kan cinya. Layin ƙarshe, wajen ƙofa, iri ɗaya ne duka huɗun, kuma shi ne wanda lambobinta suka fara nunawa tun mako guda, tana ta jira ta tabbatar. Tukwane huɗu ba sa cika babi, wannan ta sani. Dole ta sake shuka, ta sake jiran wata huɗu, ta kuma je ta yi wa Farfesa bayani yau ɗin nan.

Kamar ya ji abin da take tunani.

"Malamin naki zai yi faɗa ko? Mai farar motar nan da muka kauce wa."

Ta ɗago da sauri. Ashe idon da ya rage masa ya ga motar, ya kuma ga hanyar da ta bi da shi.

"Ki ce masa wani lebura ne ya shigo bai sani ba," ya ce a hankali. "Ba sai kin ce babanki ba ne. Kada a raina ki a wurin aikinki."

Ba da gatse ya faɗa ba, shawara ce yake ba ta tsakaninsa da Allah, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Hawaye suka zubo mata a gaban duk masu jira. Ta ciro waya, ta kira Farfesa, ta matso da ita kusa da kunnen tsohon don ya ji.

"Ranka ya daɗe, gwajin ya lalace, kuma laifina ne. Mahaifina na kawo ɗakin shuka ban gaya masa komai ba. In an gama duba idonsa zan zo da shi ofis ku gaisa. Akwai abin da ya gani a waken da ya kamata ka ji daga bakinsa."

Da ta kashe wayar, tsohon ya lalubi takalminsa da ƙafa, ya goge taɓon da ke kai da bayan ɗaya ƙafar.

"Da kin faɗa min da wuri, Uwata," ya ce, "ai da na sako ɗaya rigar."