Allurar da Ta Ƙi Tashi

Ƙarfe goma na safe Baba ya sauko da sarƙar ɗaga inji, ya tsayar da ƙugiyarta daidai saman jar motar Likita, ya ce in ƙarfe huɗu ta yi ba a gano ciwon ba, zai ciro injin ya farke shi. Bai kalli Yaya ba da yake faɗa. Kowa a garejin ya san ita ta haɗa injin nan da hannunta, wata biyu tana kansa, kuma kowa ya ji sharaɗin da ya gindaya mata ranar da ta roƙi ya bar mata aikin: in ya yi kyau ta zama makanike a garejinsa, in ya lalace ta ajiye sifana ta koma teburin sayar da kayan gyara, kada ya sake jin maganar.

Ni ina bencina na kullum, gefen taga, da littafi a cinya. Hutu muke yi, Mama kuwa ta ce in na zauna a gida idona zai ƙarasa mutuwa a kan takarda, shi ya sa ake turo ni gareji, inda nake ci gaba da kashe shi a kan wata takardar. Tabarau suke kirana. Ba na taɓa komai, ba kuma mai tambayata komai, kuma da haka na fi samun kwanciyar hankali, don ni ko sunana ba na son a kira da ƙarfi.

Motar ta wani likitan haƙori ce mai zuwa filin tseren motoci ranakun hutu. Gajeriya ce, ƙofa biyu, in za ka shiga sai ka durƙusa mata. Injinta irin wanda ake kira rotari ne: babu fistin ko ɗaya, wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku suke juyi a ciki. Baba bai taɓa ƙaunarsa ba. Cewa yake inji ba fistin kamar baki ne ba haƙori, ya dace da mai shi. Likita ya sa an yi mata ƙare-ƙare, salansa mai faɗin bakin kofi, fanka biyu, da lagireto na alminiyam wanda ya ninka na asalin kauri, saboda abin da aka san irin injin nan da shi shi ne zafi.

Sai ga tamu ta zo da akasin haka. Allurar zafin ruwa ta ƙi wuce sittin, alhali littafin motar ya ce tamanin da biyu. In an hau buɗaɗɗen titi ma sai ta koma hamsin da biyar. Ga baƙin hayaƙi, ga wuyar tashi, fulogai kuwa in an ciro su baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Baba ya yanke hukuncinsa tun jiya: siraran ƙarafan da ke toshe bakin kusurwoyin nan ba su zauna daidai ba, inji ba ƙarfi, wutar da ba ta ci sosai kuwa ba ta zafi. Wato dai hannun Yaya.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Kawu, ƙanen Baba mai aikin wayoyin mota, "mota ta yi sanyi ana zaman makoki? Tawa in ta yi sanyi rana ɗaya, sai na yi mata wanka da turare."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ta ɗaure ɗankwalinta ta baya, ta ce kafin a zargi injin a fara tambayar allurar, ko ƙarya take yi. Wannan ne ma ya fi tsorata ta, don ta ce in iska ta maƙale a inda na'urar awon take, allura sai ta nuna sanyi alhali injin yana dahuwa a ciki. Ta tayar da motar, ta bar ta tana gurnani minti ashirin, sannan ta ɗauko bindigar awon zafi ta haska jan ɗigon a wuyan injin. Sittin da ɗaya. Ta haska wani wurin, sittin. Allura gaskiya take faɗa.

Saura fankoki. Kawu ya shiga ƙarƙashin sitiyari da 'yar fitilarsa, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, ya fito yana kakkaɓe baya ya ce nasa ɓangaren tsaf yake, fankokin sai zafi ya kai casa'in suke tashi, tunda aka ɗaura su ko juyi ɗaya ba su yi ba. Ya faɗa da murna, sai da ya ga fuskar Yaya ya haɗiye sauran. Duk abin da aka wanke daga zargi, zargin ita yake ƙara matsowa kusa. Baba yana can yana gyaran birkin wata motar, amma na lura guduma ɗaya ya ɗauka ya ajiye sau uku.

Littafin da ke cinyata a ranar ba labari ba ne. Littafin motar ne, mai kauri, wanda Yaya ta sa aka buga mata, duk yatsun baƙin mai a gefensa. Tun jiya nake karanta babin ruwa, don shi kaɗai ne taimakon da na iya. Sai da na haɗa maganar a kaina sau biyar kafin na iya tashi. Na je na tsaya kusa da ita, na ce mata a hankali akwai wani abu a shafi na ɗari da sha huɗu. Tamostat, wato ɗan ƙarfen nan mai kama da murfin buta da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Littafin ya ce in aka tayar da inji daga sanyi, tiyon sama zai zauna da sanyinsa, sai can ya yi zafi farat ɗaya. In kuwa ya fara ɗumi tun farko, to ƙofar a buɗe take. Inji mai sanyi kuma, kwamfutar motar ba ta daina ɗura masa fetur, don tana zaton yanzu aka tashe shi.

Yaya ta ce ta sani, amma sabo ne fil ta saka, da hannunta. Ta kalli tiyon sama. Sannan ta ce sabo ma yana iya maƙalewa.

Sai da muka jira injin ya huce, kuma ban taɓa sanin ƙarfe yana da taurin kai haka ba. Muka juya masa babbar fankar gareji. Kawu ya kawo abinci, ba wanda ya ci sai shi. Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Ƙugiyar sarƙa tana lilo kaɗan-kaɗan a iskar fanka, inuwarta tana kai da komo a kan jan fentin.

Ƙarfe biyu da kwata Yaya ta shiga mota, ta ce in riƙe tiyon sama, in janye hannun rigata daga bel ɗin injin. Ni da ban taɓa sa hannu cikin mota ba. Sai a karo na uku injin ya kama, ƙarar ta bi ta hannuna har haƙorana. Robar da sanyi. Na fara ƙirga a zuci. Kafin in kai ɗari na ji kamar tafin hannun jariri, kafin ɗari biyu kamar kofin shayin da aka manta.

"Yaya, yana ɗumi."

"Kin tabbata ba hannunki ba ne?"

"Hannuna sanyi ƙalau yake. Taɓa ki ji."

Ta kashe motar. Ta rage ruwan a bokiti, ta kwance notin murfin da tamostat yake zama, ta ɗaga. Dukkanmu muka leƙa, har Baba, wanda ban san lokacin da ya iso bayanmu ba. Ramin fayau yake. Ba komai a ciki sai ruwa kore.

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara.

Baba ya ce wannan ba shi ne ciwon ba, shekara talatin yana ganin motoci suna tafiya lafiya ba shi. Sannan ya juya ya kalli Yaya, karo na farko a ranar.

"Amma in kin manta wannan da ke waje, me kika manta a ciki?"

"Baba, na saka shi."

"To, fiffike ya yi."

Ya ce wa Kawu ya kwance wayoyi, ba sai an jira huɗu ba. Yaya ta tsaya da murfin a hannu. Na san abin da ta sani, na san Kawu ma ya sani, don sai ya sami wata waya ya ƙura mata ido. Duk motar da ta shigo garejin nan, in dai Baba ya buɗe wuyan injinta, sai ya cire tamostat. Haka maigidansa ya koya masa: abin ƙasashen sanyi ne, a nan shaƙe mota kawai yake yi. Yana da tsohon gwangwanin fenti a bayan ƙofa, nan yake jefa su. Amma Baba ya rantse ba zai taɓa jar motar nan ba, kuma ba a ce wa Baba ya yi abin da ya ce bai yi ba.

Ni kuwa sai wata ƙara ta dawo mini. Ranar Talatar da Yaya ta tafi karɓo fulogai, ruwa yana ɗiga daga motar, Baba ya wuce ya ga ɗigon ya yi tsaki. Ban ɗaga kai daga littafi ba. Amma na ji sifana, daga baya kuma na ji ƙwal a bayan ƙofa. Bencina yana kusa da gwangwanin, na saba jin ƙarar har na daina jin ta.

Daidai lokacin Likita ya shigo, da farar rigarsa da makullai a yatsa, ya ce ya kasa haƙuri ne ya zo da wuri. Ya ga sarƙa, ya ga fuskoki, ya tambaya ko abin ya kai haka. Baba ya ce ya kai.

Na zame daga cikinsu. Na zagaya bayan ƙofa na tsuguna, na tura hannu cikin gwangwanin. Tsatsa, yanar gizo, wani abu ya yanke ni a yatsa. Ban yi nisa ba na ji mai santsi. Na ciro shi, sabo, yana ƙyalli, ga ɗigon fenti ruwan ɗorawa a gefensa. Duk abin da Yaya ta ɗaura sai ta ɗiga masa wannan fentin, don ta san ta gama da shi. Kawu har tsokanarta yake wai tana yi wa inji kwalliya.

Na dunƙule shi a hannu. In na ɗaga shi sama, na kunyata Baba gaban mai mota, a garejin da ya gina tun kafin a haife mu. In na mayar da shi, Yaya ta koma tebur. Sarƙa ta fara kuka, Kawu yana jan ta ƙasa a hankali kamar mai fatan ta tsinke.

Na je na tsaya ta gefen Baba, ta inda jikinsa ya kare ni daga Likita. Na yi ƙasa da murya.

"Baba, ka ga abin da na tsinta."

Na sa masa a tafin hannu. Ya duba. Ya juya shi da babban yatsa har ɗigon ya zo sama, ya daɗe yana kallonsa. Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi, don ranar Talatar nan mota huɗu ya buɗe kuma hannunsa ya saba riga kansa, ko kuwa tun da aka ɗaga murfin ya tuna. Ban tambaya ba. Na dai ga jijiyar wuyansa ta tashi, na jira tsawar da za ta biyo baya.

"Bar sarƙar nan," ya ce wa Kawu. "Ɗora buta."

Ya ɗaure tamostat ɗin da waya ya zura shi cikin butar shayi, Yaya tana haska ruwan da bindigar awo tana faɗin lamba. Saba'in, yana rufe. Tamanin, yana rufe. Tamanin da biyu, sai bakinsa ya fara buɗewa a hankali. Baba ya ciro shi ya miƙa mata.

Ta ɗaura, ta goge fulogai, ta cika ruwa, ta yi ta matsa tiyo har kumfar iska ta daina fitowa. Ta tayar. Na koma na riƙe tiyon ba tare da an sa ni ba. Sanyi. Ɗari, sanyi. Ɗari uku, sanyi. Daga cikin mota Yaya tana kiran lamba, da ta ce sittin sai muryarta ta tsaya, mu ma muka tsaya. Sannan ta ce sittin da uku. Saba'in. Saba'in da takwas. Zafi ya zo mini a tafin hannu farat ɗaya, na fizge hannun ina yarfewa, allura kuwa ta tsaya a tamanin da uku ta zauna. Gurnanin injin ya sauka ya daidaita, hayaƙin salansa ya yi ta tsinkewa har sai ka sunkuya za ka gan shi.

Likita ya tambayi mene ne ciwon. Baba ya goge hannunsa da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wani tsoho ne ya taɓa abin da ba a sa shi ba," ya ce. "Sauran bayanin ka tambayi makaniken."

Ya nuna Yaya da haɓa, ya kama sarƙa ya fara jan ta sama da kansa. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya ya kalli yatsana mai jini da tsatsa.

"Tabarau, je ki wanke hannun nan kafin ki taɓa littafin mutane."