Huhun Mokhethi

Tarin ya sake turnuƙe Mokhethi a tsakiyar magana, har bargo ya zame daga kafaɗarsa. Maƙwabcinsa Tsoeu ya tallabe shi, Mamosa matar Mokhethi ta miƙo kwanon tofi. Da numfashi ya dawo, sai ya ɗora daga inda ya tsaya.

"Na ce in na mutu a cire huhuna a kai wa mutanen kamfani. Su gani da idonsu."

Yayansa Rantsi ya buga sanda a ƙasa. "Ji wani shirme! Tunkiya ce kai da za a feɗe? A gidanmu mutum cikakke yake isa wurin kakanni. Ka je musu da ƙirji fayau ka ce me?"

"In ce musu kamfani ya riga ya cinye, Yaya. Saura kawai za a cire."

Tsoeu ya yi dariya, dariyar ta koma masa tari shi ma. Tare suka bar garinsu Mafeteng suna samari, tare suka shiga ramin zinariya a can Afirka ta Kudu, suna huda dutse ƙura na tashi har ba ka ganin fitilar na kusa da kai. Da ƙirjin Mokhethi ya fara ƙugi aka sallame shi. Ya nemi diyya, likitan kamfani ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya ce babu ƙurar dutse a nan, taba ce. Taba! Mutumin da ko hayaƙin murhu yake gudu, wanda a duk barikin ma'aikata ake tsokanarsa da "Fada", wato limamin coci, saboda bai taɓa sa karan taba a baki ba. Ya ɗaukaka ƙara, aka ce ya kawo sabuwar hujja. Ina talaka zai samo ta, alhali hujjar tana kulle a cikin haƙarƙarinsa? Wata lauyar ƙungiyar ma'aikata ce ta gaya musu hanyar da ta rage: bayan rai, a duba huhun, in mai ɗakinsa ta yarda.

Abin da ya fi ci wa Tsoeu rai shi ne har a unguwa an fara cewa ƙila dai a ɓoye Mokhethi yake sha.

Da hantsi Mokhethi ya cika, ranar wata Laraba, a kujerarsa ta jikin bango inda rana ke fara sauka. Kunun dawar da aka dama masa bai ko huce ba.

Aka kai gawa ɗakin ajiya na asibiti. A gida aka fitar da gado, aka shimfiɗa katifa a ƙasa, Mamosa ta zauna a kai lulluɓe da bargo kamar yadda kowace matar mamaci ke yi. Ba ta tashi, ba ta ɗaga murya, ba ta taka ƙofar gida sai an binne. Maganar gawa kuwa ta maza ce.

Washegari ma'aikaciyar asibiti ta zo ta tsaya a bakin shinge, ta ce in ba a cire huhun yau ba, shi ke nan. Rantsi ya tare ƙofa.

"Koma ki ce musu mun gode. Sun ci shi da rai, ba za su ci gawarsa ba."

"Ntate Rantsi," in ji Tsoeu, yana kiransa baba da yarensu don girmamawa, "a gabanka ya faɗa. Ni ma ina wurin."

"Kai kuma a wa? Maƙwabci ne kai, shinge ya raba mu. Je ka ji da naka tarin."

Gaskiya ne, Tsoeu ba shi da baki a nan. Ya juya zai tafi ke nan sai ya ji matan ɗaki sun ɗauki salati irin nasu, wata na cewa, "Riƙe ta! Mamosa, kin haukace?"

Ga ta nan a bakin ƙofa, ba takalmi, bargo na jan ƙasa. Ta ratsa tsakar gida a gaban surukai da masu gaisuwa, ta wuce tukwanen da ke kan wuta.

"Koma kan katifarki!" Rantsi ya daka mata tsawa. "Kin san abin da kike ja wa gidan nan?"

"Na sani, Yaya. Ni na wanke kwanon nan shekara da shekaru, na san abin da ke fita daga ƙirjinsa. An ce mijina maƙaryaci ne. Ba zan bari ya je wurin kakanninku da wannan sunan ba." Ta dubi ma'aikaciyar. "Ina zan dangwala?"

Aka binne shi ranar Asabar. Rantsi bai ci naman saniyar makoki ba, bai kuma sake taka gidan ba.

Sai da aka girbe masara lauyar ta zo da kanta. Ta ce likitan da ya yanka huhun ya ce wuƙarsa har ƙara take yi, kamar ana yankan tsakuwa. Ƙurar dutse ce, mafi munin mataki, kuma babu ko alamar taba. An sake buɗe shari'ar, kamfani ya amince zai biya, har ya aiko da ta'aziyya, wai da sun sani da wuri.

"Da sun sani!" Tsoeu ya miƙe tsaye. "Mutum ya yi ta gaya musu da bakinsa har ya mutu, sai da wuƙa ta faɗa suka ji? Tir!"

Mamosa ta tashi ta fita bakin shinge, inda mata ke dawowa daga famfo, ta tsayar da su ɗaya bayan ɗaya tana gaya musu, "Bai taɓa shan taba ba."

Da yamma Tsoeu ya zauna a ƙofar ɗakinsa, matarsa na tsince wake a gefe. Shi ma an ce masa taba ce ta jawo tarinsa. Ya daɗe yana kallon kujerar Mokhethi ta tsallaken shinge, wadda har yanzu ba a ɗauke ba.

"Ke," ya ce, "in tawa ta zo, kada ki daɗe a kan katifar nan."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Can sai ta miƙo hannu ta gyara masa bargon da ya zame.