Ƙulli a Igiyar Auta

Da ruwan sama ya rushe ɗakin Inna, ni na fara magana, tunda ni ne babba. Na ce kada kowa ya taɓa komai. Direban tirela ne ni, na san inda ake sayar da ɗaki sukutum a cikin kwali: bangon ƙarfe, kwanon rufi, ƙofa, taga, har da ledar notuna da takardar da ke nuna yadda ake haɗawa. Na ɗauko shi a motata, kwana uku na ɗaure shi tsaf, yana ta ƙyalli.

Ina juyawa sai ga Auta, ƙanena, yana haƙa rami zagaye a ɗaya gefen gidan. Shi birkila ne, ko da yake a wurina har gobe mai kwaɓa ƙasa ne.

Na ce, "Rijiya za ka haƙa wa Inna?"

Ya ce, "Ɗaki ne, Yaya. In ta ga dama ta shiga, in ba ta so awaki sun samu."

Tsofaffin buhunan taki ya tara. Ya cika su da jar ƙasa mai damshi, ya jera zagaye, ya bi su da gungume yana dannewa. A tsakiyar ɗakin ya kafa turke ya ɗaura igiya, duk buhun da zai ɗora sai ya ja igiyar ta taɓa shi. Ita ce ma'auninsa. Da ita bangon ke rusunawa ciki a hankali har ya haɗe a sama kamar kifaffiyar ƙwarya, ba azara ba kwano.

Na yi dariya har na gaji. Amma Inna kullum sai ta jawo kujerarta kusa da aikin, ta miƙa masa ruwa, ta tambaye shi ina taga za ta kasance. Maƙwabta suka mai da wurin dandali. Nawa ɗakin kuwa, wanda ya sha tafiyar kwana biyu a kan titi, "Allah ya yi albarka" ɗaya ya samu.

Ba zan ɓoye ba, kishi ya ci ni. Idan Inna ta shiga wannan tarin buhunan ta bar nawa, da wane ido zan dubi gari?

Wata rana da hantsi Auta ya tafi ɗebo ƙasa. Na shiga na yi wa igiyar ƙulli can gindin turke, ta ragu da kamar faɗin yatsu huɗu. Ya dawo ya ci gaba da aiki, har ya ɗora sahu biyu. Kashegari ya ja da baya ya daɗe yana duban bangon, sannan ya tsuguna ya laluba igiyar. Ya warware ƙullin, ya sauke sahu biyun buhu bayan buhu, aikin yini guda. Ya sake jera su daga farko. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da ya gama ɗakin ya shafe shi da siminti, na leƙa a ɓoye. Ciki sanyi kamar randa.

Ranar tarewa Inna ta tsaya tsakanin ɗakunan biyu ta ce, "A kai gadona ɗakin yayanku."

Ranar ko ƙasa ba na takawa don daɗi. Auta da kansa ya kama ƙafar gadon.

Bayan mako guda na dawo daga tafiya da tsakar rana. Tun daga ƙofa zafi ya mare ni, kwano yana ta ƙas-ƙas. Inna na kwance a ƙasa, ta jiƙa zane ta lulluɓa, numfashinta na fita da ƙyar.

Na ce, "Inna, ga ɗaki mai sanyi can, me kike yi a nan?"

Ta buɗe ido ta dube ni.

"Auta in na ƙi ɗakinsa, zai ci abincinsa ya yi barci. Kai fa? Na ga abin da ka yi wa igiyarsa tun ban zaɓa ba."

Ta miƙo mini zanen.

"Ya bushe. Jiƙo mini shi, kada ƙaninka ya gan ka."