Gayyar Mutanen Daji

Ranar Laraba ce, farkon daminar 2018. An yi yayyafi da safe, ƙasa na ƙamshi, hadari bai gama watsewa ba. Sufyanu ɗan kabu-kabu ya jingine babur a ƙofar shagon cajin Lirwanu a Bukkuyum, ya zauna gaban tsohuwar kwamfuta. Tun da ya bar makaranta, babu abin da ke zaunar da shi wuri ɗaya sai wani wasa da ke cikinta.

A wasan, kai ne Bature mai jiragen ruwa, ga ƙasashen mutane shimfiɗe a taswira. Sufyanu ya gane sirrinsa: ba a farawa da yaƙi. Ƙaramin gari za ka ware, ka yi masa alkawarin zaman lafiya shi kaɗai, ka aika a ƙirgo maka mazansa da dukiyarsa. In ka san adadin, sauran mai sauƙi ne.

"Gwamna, yau gari nawa ka ci?" in ji Lirwanu.

"Bakwai. Ko harsashi ban harba ba."

Da la'asar ya koma tungarsu, ya tarar da dattawa a ƙofar gidan mahaifinsa Namadi, mai unguwa. 'Yan bindigar daji sun aiko: a zo musu gayyar huɗa wuni ɗaya, su kuma su bar tunga ta noma gonakinta bana.

Sufyanu ya matsa kusa da mahaifinsa.

"Baba, ƙirga mu za su yi. Kada mu amsa mu kaɗai, a nemi sauran tungaye. In ko dole ne, a tahi da tsohhin shanu biyu."

"Ina ka san wanga?"

"Cikin wasan kwamfuta."

Dattawa suka kwashe da dariya.

"Boko ya gagare ka, ka koma yaƙi da hoto," in ji Namadi. "Wa ka taɓa gani ya tahi gayya da ramammen sa? Har jikokinmu sai an yi ma gori."

Ran Asabar kowane gida ya fito da shanunsa mafi ƙiba, kamar yadda aka saba. Sufyanu ya bi su, riƙe da igiya. A bakin gonar ya hangi wani da bindiga a kafaɗa yana nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

Da azahar aka gama huɗa. Aka ce mutane su tafi, shanu su zauna. Namadi ya ƙi sakin igiya, ya ce ba haka ake gayya ba. Aka ce to, shi ma ya zauna, da ƙannensa biyu da suka sa baki.

Kafin gero ya kai gwiwa tunga ta watse. Sufyanu ya goyo mahaifiyarsa, Inna Hure, a babur zuwa Gummi, ita da tabarma da tukunya.

Abin da tunga ta rasa: shanun huɗa goma sha huɗu. Garma bakwai. Gonaki ashirin da uku da ba a girbe ba. Maza uku, har da Namadi.