Kwalbar Kafinta

Ranar da Kafinta ya zo ɗibar jini a cibiyar ciwon daji ta jami'a, tun daga bakin ƙofa gabansa ya yanke ya faɗi. Gurbin Ticha a kan bencin jira babu kowa. Ticha fa, mutumin da ke riga masu shara isowa!

A kan wannan benci suka san juna. Ciwo ɗaya ne ya kama su, dajin hanji, kuma zaman jira ya mai da su kamar wa da ƙane. Ticha tsohon malamin lissafi ne mai baki kamar reza. Kullum sai ya girgiza bencin ya ce, "Wannan aikinka ne ko? Shi ya sa yake rawa."

Da cibiyar ta buɗe gwajin wani sabon magani, su biyun suka nemi shiga. Aka ɗauki Kafinta, aka ce ƙodar Ticha ba za ta iya ɗauka ba. Ticha ya yi dariya ya ce yau an kayar da malami a jarrabawa. Amma a banɗaki Kafinta ya jiyo shi yana kuka kamar yaro.

Sista, nas ɗin da ke kula da masu gwajin, ta yi wa Kafinta bayani dalla-dalla. Kowa zai ci gaba da maganin da ya saba, sai a ƙara masa ƙwaya. Rabin mutane za su sami ta gaske, rabi kuma wadda babu komai a cikinta, don a gane ko maganin na aiki. Daga ita har likita ba wanda ya san ta wa ce ta gaske, kwamfuta ce ta yi rabon. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Baba, ƙwayar nan taka ce kai kaɗai. Wanda ya ba wani, an cire shi."

To, shi Kafinta irin mutanen nan ne da ba sa iya kai loma baki wani na kallo. Sai ya yi rabon 'yan'uwa: ta safe tasa, ta yamma ta Ticha, a naɗe cikin 'yar takarda. A ganinsa zumunci ne. Haka suka yi ta yi, yana mayar da kwalba wayam, Sista na yaba masa, shi kuma yana sunkuyar da kai.

To a ranar nan, yana tsaye yana kallon bencin sai ga matar Ticha ta fito daga lungun ɗakin gaggawa, takalminta wari da wari.

"Malam Kafinta, abokinka ne," ta ce. "Tun jiya fitsari ya ɗauke masa, ya kumbura suntum, ko ni ba ya ganewa. Likitoci sai tambayata suke ko ya sha wani abu. Na rantse musu bai sha komai ba. Sun ce in ba su san abin da suke yaƙi da shi ba, lalube kawai suke a duhu."

Innalillahi! Kafinta ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya ba shi lafiya." Ya wuce ta da sauri.

Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa. Hoton cikinsa na baya-bayan nan ya nuna ƙarin da ke hanjinsa ya ɗan ragu, abin da bai taɓa yi ba. Har ya fara cin abinci, har ya koma shago ya riƙe zarto. In ya yi magana an raba shi da ƙwayar ke nan. In ya yi shiru, ba mai sani har abada, don wanda ya sani ɗin ga shi can kwance bai san inda kansa yake ba. Wata zuciya ta ce masa ai rai ɗaya gare ka. Ya ji kunyar kansa, amma bai daina sauraronta ba.

A ɗakin ɗibar jini Sista ta ɗaure masa dantse da roba, tana ɗan bubbuga fatar. "Yau jijiyarka ta gudu, Baba. Kai, wannan gumi fa? Ga sanyin na'ura kamar cikin firji."

Ta bangon ɗakin ya jiyo ƙarar gadon taya ana turawa da gudu, da kukan mace. Bai san ko matar Ticha ba ce.

"Sista," ya ce, "'yata. Ƙwayar yamma... Ticha nake ba wa."

Ba ta yi ihu ba, gara ma da ta yi. Ta kwance robar a hankali, ta tambaye shi tun yaushe, ya faɗa. Ta ɗauki waya.

"Dole a buɗe sirrin kwalbarka yanzu, likitocinsa su san me ya sha. Kuma ko me aka tarar a ciki, ka fita daga gwajin."

Ta fita ta bar shi shi kaɗai da kwalaben jini. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya rasa me zai roƙa. In ƙwayar banza ce, bai cuci abokinsa ba, amma to daji ne ke cinye Ticha, babu abin da za a tare. In ta gaske ce, da hannunsa ya naɗe masa guba, kuma abin da ke rage masa ciwo ya kuɓuce. Hannuwan suka tsaya a sama.

Da ta dawo idanunta sun yi ja.

"Ta gaske ce. Sun tafi da shi wankin ƙoda."

"Zai tashi?"

"Ba mu sani ba, Baba."

Ta miƙo tafin hannu. Ya gane abin da take nufi. Ya laluba aljihu ya fiddo kwalbar, sauran ƙwayoyin suna ƙara a ciki. Ya kai ta har kan tafin nata, yatsunsa suka ƙi buɗewa.

"'Yata, don Allah," ya ce a hankali, "ko ta gobe da safe kaɗai ki bar mini."