Ranar da Muka Hau Tudu da Fanko

Duk akwatin ƙara sautin jita da ya fito daga shagon Mang Teroy Magtoto, sai ya hau babur ɗina kafin ya hau dandamali. Haka dokar take tun muna da baƙin gashi. In ya gama haɗa shi, ya liƙe wayoyinsa da dalma, sai ya leƙo ƙofa ya ce, "Ambo, ga fasinja." In ɗora shi a kwandon gefe, inda mutane ke zama, in ɗaure da igiya, mu bi tsohuwar hanyar tudu ta bayan maƙabarta, wadda ramukanta suka fi kwaltarta yawa. In mun dawo sai ya jona shi da wuta, ya ɗauki tsohuwar jitarsa, ya ja tsirkiya ɗaya, ya rufe ido. Wanda ya dawo da tari ko gurnani, a farke shi a sake. Wanda ya dawo da muryarsa, sai ya juya shi ya sa hannu a katakon ciki da jan fenti.

Makaɗan garinmu Olongapo ba a mota mai sanyi suke yawo ba. Daga mashayar sojojin ruwa zuwa bikin ƙauye, a kan rufin motar jif ta haya ake ɗaure kayansu tare da kaji. Shi ya sa Mang Teroy yake cewa, in abu zai karye, ya karye a hannuna, kada ya karye a gaban amarya.

Ni kuwa na san halayen akwatunan nan. Akwai wanda in mun zo saitin maƙabarta, kwalaben lantarkin da ke cikinsa su kama ƙara siririya kamar cokali a kofi. Akwai wani ja da awaki suka bi tun daga gindin tudu har ƙofar shago. Na gaya wa Mang Teroy, ya ce rana ce ta dafa min kai, amma na lura bai sayar da jan nan ba sai da ya samu mai hankali.

Da idonsa ya fara rauni, 'yarsa kuma ta kafe a Kanada tana aikin jinya, sai wani babban kamfanin kayan kiɗa daga Singafo ya saye shagon, har da sunan da ke saman ƙofa. Suka ce Mang Teroy ne uba, babu abin da zai canza. Suka turo mana wata yarinya mai suna Jhoanna Villaroman ta riƙe ofis. Ba ta da raini, wannan dole in faɗa. Tatay take kiransa, wato baba, kuma in ta sayo soyayyar ayaba sai ta miƙa wa kowa.

Damina ba ta ƙare ba aka daina kirana. Akwatuna suka koma zuwa a haɗe daga wata masana'anta a ƙetare, cikin kwali, sa hannun Mang Teroy kuma inji ne ya buga shi a ciki, da jan fentin nan dai. Jhoanna ta ce a can suna da tebur mai girgiza da ya fi kowane rami.

"Tebur ya san kwana?" na tambaye ta. "Ya san kare ya gitta maka ka taka birki?"

Ta yi dariya ta ba ni ayaba.

Na samu Mang Teroy a bayan shago yana cin shinkafa da busasshen kifi. Na ce, "Pare, abokina, me kake jira? Sun mai da kai hoton bango."

"Sunan ubana ne a gaban akwatunan nan, Ambo. In na tafi, wa zai tsare shi?"

"Yanzu da kake nan, tsare shi kake yi?"

Ya ce dai sun yi alkawari duk akwatin da za a yi a nan gida, na masu tsada, zai ci gaba da hawa tudu. Da wannan alkawarin yake zuwa aiki kullum, ya zauna a bencinsa, ya kunna ƙarfen narka dalma, ya kashe shi da yamma bai narka komai ba.

Wata safiya Jhoanna ta same ni a tasha ina jiran fasinja. "Mang Ambo, gobe duniya za ta san ka. Za mu ɗauki fim na talla, kai da Tatay da sabon akwati, a hanyar tudu. Mutanen waje labarin nan yana kashe su."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na wanke babur har ƙarƙashinsa. Da masu kyamara suka zo, shugabansu, wani mai ɗaurin gashi, ya dubi babur ya ce ya yi tsabta da yawa. Suka kwaɓa laka a bokiti suka watsa masa. Suka cire wa Mang Teroy rigar aikinsa suka ba shi wata sabuwa da aka ƙona wa aljihu da gangan. Yaransu ne suka ɗora akwatin suka ɗaure, baƙi, mai sheƙi, da 'yar fitila ja tana ci a gabansa ba tare da an jona shi da komai ba. Na tsaya ina kallon fitilar nan, har ta ɗauke min hankali ban duba ƙullin igiya ba.

Mang Teroy bai taɓa bin mu tudu ba, a shago yake jira. Ranar suka ce ya zauna a bayana, ya ɗora hannu ɗaya a kan akwatin, ya yi murmushi.

Tun a kwanar farko na ji babur yana min baƙunta. Kwandon gefe ya ɗaga ƙafa kamar kare. Akwatin Magtoto yana da nauyin ƙaramin alade, shi ke danne ka a kwana. Na ce a raina wataƙila na zamani ne. Motar masu kyamara tana gabanmu, mai ɗaurin gashi yana ɗaga hannu wai in ƙara wuta. Na ƙara. Muka faɗa babban ramin da ke gaban ƙofar maƙabarta, igiya ta sake, akwati ya tashi sama, ya sauka a kwalta, ya yi ta tsalle yana gangarawa kamar kwanon wanki, sai da ya daki wani kabari ya tsaya.

Mang Teroy ya sauka. Ya je ya ɗaga shi da hannu ɗaya, shi da ko buhun shinkafa ba ya iya ɗagawa yanzu. Murfin baya ya riga ya ɓalle. Babu kwalabe, babu taransifoma, babu lasifika. Batiri ne ƙarami da aka manne da salatif saboda fitilar, sai sa hannunsa a katako.

Jhoanna ta sauko da gudu. "Tatay, ba ka ji ciwo ba?"

"Ina cikinsa?"

"Wannan na hoto ne kawai. Na gasken yana ofis."

"To a ɗauko shi. Ga Ambo, ga hanya."

Ta dubi mai ɗaurin gashi, ta dubi ƙasa. "Guda ɗaya aka aiko mana, Tatay, kuma jibi za a kai shi baje koli. An ce kada a ɗora shi a babur."

"Saboda me?"

"Kada ya lalace."

Wata tsohuwa mai sayar da kyandir a ƙofar maƙabarta ta tuntsire da dariya, ban san ko ta gane ba. Na ce, "Ku ji fa! Kun watsa min laka, kun sa dattijo ya rungumi fanko, don ku gaya wa duniya akwatinku ya hau tudun da kuke tsoron ya hau!"

Mai ɗaurin gashi ya ce, "Kaka, kwantar da hankali, kowane talla haka ake yin sa. A ɗaure a sake, rana tana tafiya."

"Kakanka yana gida," na ce.

Mang Teroy bai ɗaga murya ba. Ya ajiye fankon a gefen hanya, ya tuɓe rigar da suka ba shi, ya ninke ta ya ɗora a kai. Ya tsaya daga shi sai singileti, kafaɗunsa duk ƙashi.

"Jhoanna, 'yata, ki gaya musu na gama."

"Tatay, ka yi tunani. Ko ka tafi sunan yana nan. Ba za ka iya sa shi a wani akwati ba, ka sani."

"Na sani. Na ɗauka in ina zaune kusa da shi zai ji kunya." Ya hau bayana. "Ambo, gida."

Tallar ta fito duk da haka. Sun yanke ta daidai kafin rami. Ga ni nan da laka, ga shi yana murmushi, hannunsa a kan akwati, ana kiɗa mai taushi. Direbobin tasha suna nuna min a waya suna cewa na zama ɗan fim, wani ma ya ce in saya masa giya. Mutane suna tare Mang Teroy a coci suna taya shi murna, shi kuma yana cewa na gode, don ba shi da ƙarfin yi wa kowa bayani.

Yanzu fanka da tukunyar dafa shinkafa yake gyara wa maƙwabta a barandarsa. Ranar Laraba nake kai shi asibitin ido. Hanyar da ta fi kusa ta gaban shagon take bi, inda suka sa wa sunan fitilu masu launi, amma ta bayan kasuwar kifi muke zagawa, ko da ruwa ya cika ta.