Hannun Hagun Sharifu

Sharifu mahauci ne a kasuwar Illela, ɗan gidan 'yan dambe. A waya ya ga damben Turawa, ya rantse sai ya iya, ko babu malami. Ya cika buhu da rairayi, ya rataye a bishiyar bayan gida.

Bayan wata guda ya ɗauki bidiyon kansa. Abin da ya gani ya ƙona masa rai. Damarsa kaɗai ke duka. Hagu tana miƙe a buɗe tana tare iska, yadda ya taso yana ganin ubansa Hamani yana yi a fage.

Da safe ya kai wa tsohon igiyar akuya.

"Baba, ɗaure mini damata a baya."

"Kai, Sharifu! Hannun da kakanninka suka kada maza da shi? Hagu ai garkuwa ce!"

"Ba a taɓa koya mata ba ne. Ɗaure."

Tsohon ya ja tsaki, ya ɗaure tamau, ya zauna jiran abin dariya.

Naushin farko, buhu ko motsi bai yi ba. Sharifu ya ci gaba har fatar yatsunsa ta saluɓe. Sai Hamani ya miƙe, ya rungume buhun.

"Sake," in ji shi. "Daga ƙugu za ka taso da shi."